Fitilar da Aka Kashe

Tun kafin motar ta shawo kwanar layinsu Auta ta gane ƙuginta.

Tana kicin tana ɗauraye kofuna, sai ga gurnanin nan mai sa gilashin taga rawa yana hawo tudun gidansu. Gabanta ya faɗi, irin faɗuwar nan mai daɗi. Dogo ne! Ta yarfe hannu, ta gyara ɗankwali, ta leƙa ta taga tana murmushi.

Murmushin bai daɗe ba. Jar motar ce dai, ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi titi, amma wanda ke riƙe da sitiyarin yayanta ne.

Ya shigo harabar gida, ya taka birki a gaban baranda.

Ƙiiiiii...

Siririyar ƙara ce, kamar an ja cokali a gindin tukunya. Ba kowa zai kula da ita ba. Auta kuwa har cikin haƙoranta ta ji ta.

"Auta!" Yaya ya fito yana kaɗa makulli a yatsa. "Fito ki ga abin da na kwaso a wurin mutuminki!"

Umma ta riga ta fitowa, riƙe da hannun Gimbiya, 'yar Yaya ɗaya tilo.

"Wannan jar abar kuma ta wa ce?"

"Tawa ce, Umma. Na saya."

"Ka saya? Kai da ka ce mai hankali ba ya hawa motar da sai ya durƙusa zai shiga?"

"Ai lokacin ban taɓa taka ta ba." Ya shafa bonet ɗin kamar mai lallashin yaro. "Umma, wannan tashi take yi, wallahi!"

Sai wanda ya san Yaya zai san girman wannan rana. Tun rasuwar mahaifinsu shi ne uba a gidan. Ma'aikacin banki ne, mutumin da ko lemo zai saya sai ya juya kwalbar ya karanta ranar lalacewarsa. Da Auta ta kawo maganar Dogo, dillalin motocin hannu, cewa ya yi ba dai a gidansu ba. Dillalin mota, in ji shi, zai sayar maka da akuya ya rantse doki ne ya rame. Wata da watanni Auta tana kuka, Umma tana lallashi, Dogo yana zuwa gaisuwa ana barinsa a baranda har shayinsa ya huce. Yau kuma ga Yaya da kansa yana washe baki.

"Zuwa na yi in ga wurin sana'ar tasa, in san wa zan ba ƙanwata," ya ce. "Ban same shi ba, wai ya kai mota wani gari. Abokin kasuwancinsa na tarar, wani mai ƙamshin turare, Ɗan Gayu suke ce masa. Ya ce min wannan ita Dogo ke hawa da kansa, ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kanta. Na ce to, wanda ya iya riƙe mota haka zai iya riƙe mace." Ya dubi Auta. "Ki ce masa ya turo manyansa. Na amince."

Umma ta ɗaga hannu tana hamdala. Gimbiya ta hau tsalle ba tare da ta san dalili ba. Maganar da Auta ta daɗe tana roƙon Allah ta ji ke nan, ga ta ta zo, amma hankalinta na kan ƙarar birkin nan.

"Yaya... ɗan tayar min da ita."

"Kun ji ja'ira, ashe ke ma tana ranki!"

Ta zauna a kujerar mai zaman banza, ta zuba wa allon gaban direba ido. Ya danna maɓalli, fitilu suka kama gaba ɗaya, suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A can gefe akwai wata 'yar jar fitila zagayayya da ta sani kamar yunwar cikinta. Tun da ta fara shiga motar nan fitilar ba ta taɓa mutuwa ba, har suna ta raɗa mata: Jan Ido. Duk hirar da suka yi da Dogo a ciki, Jan Ido na kallonsu. Ta taɓa tambayarsa ma'anarta, ya ce birki ne ya cinye.

"Autata, irin waɗannan motocin sayensu ne mai sauƙi," ya ce mata ran nan. "Faifan birkinta da takalman, in kika haɗa kuɗinsu, sai ki sayi ƙaramar mota har a ba ki canji. Abin da ya kori mai ita na farko ke nan. Shi ya sa kike ganin ina lallaɓa ta kamar ƙwai."

Yau Jan Ido ya mutu tare da sauran fitilun.

Ƙarar kuwa tana nan.

*

Washegari ba ta je kantin maganin da take aiki ba, filin motocin ta nufa. Fili ne mai shingen waya, motoci a jere suna ƙyalli, an rubuta farashinsu da farin alli a jikin gilashi. Can ciki akwai ɗan ofis na kwantena mai fanka ɗaya. Dogo na zaune ya dafe kai da hannu biyu. Yana ganinta ya miƙe har kansa ya kusa taɓa fankar. Kallo ɗaya ta yi masa ta san labari ya riga ya iso shi.

"Ina Jan Ido?"

"Zuciyata, zauna tukuna..."

"Ba zama ya kawo ni ba. An gyara birkin?"

Ya sunkuyar da kai.

"Dogo, ka dube ni. An gyara?"

"An... an sa wasu takalma."

"Wasu?"

"Na ƙaramar mota. Aka goge su da inji har suka shiga. Faifan gaba kuma ya tsage, ba a taɓa shi ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Akwai wata 'yar waya da ke tashi daga takalmin birki ta kai wa fitilar labari. In aka yanke ta, aka haɗa bakinta biyu aka naɗe, sai fitila ta ɗauka komai lafiya. Kowa a sana'ar nan ya san da wannan."

"Kowa ya sani, ko kowa na yi?"

"Wallahi ban san Yaya zai zo ba! Ɗan Gayu ya san ko shi wane ne, ya sha ganinsa a hotunan wayata. Da gangan ya yi, tun da kika ƙi shi kika zaɓe ni yake..."

"Wa ya ce a yanke wayar?"

Ya kau da kai.

"Cewa na yi ya san yadda zai yi ta fita. Gidan da za mu zauna nake son kamawa, Auta. Na gaji da Yaya yana min kallon wanda bai ajiye ba bai ba wani ajiya ba. Na ɗauka wani mai kuɗi zai saya, ya kai ta gareji su gani, ya gyara, ko a jikinsa."

"Wato da baƙo ne, babu laifi."

Ta matso kusa da shi.

"Shi baƙon ba shi da ƙanwa? Ba shi da 'ya?"

Nan hawayen da take dannewa suka ɓalle. Dogo, duk tsawon nan nasa, ya zube a gabanta a kan gwiwa. Tana son mutumin nan, son da ita kanta yake ba ta tsoro, kuma a wannan lokacin ta ji kamar ta shaƙe shi.

"Ki ba ni zuwa ƙarshen mako, abar ƙaunata. Ɗan Gayu ya riƙe kasonsa ya ce ciniki ya faɗa, nawa kuma na ba mai gidan da zan kama mana. Amma na yi odar kayan na asali, ko agogon hannuna zan sayar in biya. In sun iso sai in ce wa Yaya zan yi mata sabis kyauta, in canja komai, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. A cikin gari, a hankali, za ta riƙe. Gudu da doguwar gangara ne ba ta so. In birkin ya ɗau zafi..."

Ya ɗago ya dube ta.

"In kika faɗa masa yanzu, shi ke nan, Auta. Kin san Yaya."

Ta san Yaya. Ita ce kuma wadda kullum a kanti take yi wa mutane faɗa cewa maganin kashe zafi ba ya warkar da ciwo, a je a ga likita. Sai ga shi yau an miƙo mata irin maganin ta buɗe baki.

"Ƙarshen mako," ta ce. "Ko kwana ɗaya ba zan ƙara maka ba."

*

Gidansu Auta a ƙarshen tudu yake. Daga bakin get titi ke gangarawa sambal, ya yi nisa, sai ya ƙare a wata mahaɗa inda ake jiran bas, ga shaguna, ga doguwar katangar wani tsohon sito. Kullum da safe in Yaya ya fita aiki, sai ta tsaya a bakin get tana kallon jar motar tana ƙanƙancewa. Ba ta motsawa sai ta jiyo ta daga can ƙasa.

Ƙiiiiii...

Sannan ta saki numfashi. Ƙarar da ta tsana ita ta koma abin da take roƙon Allah ta ji, domin in ta ji ta, motar ta tsaya ke nan.

"Yaya, don Allah a hankali."

"Yaya, tsohuwar motarka fa tana kewarka."

"Yaya, bari ni zan kai Gimbiya makaranta, a kan hanyata take."

"Oh ni!" Yaya ya ce wata safiya yana dariya. "Umma, kin ga 'yarki? Tun ba a ɗaura ba ta fara kishin motar miji. Ki kwantar da hankalinki, Auta, ranar biki a ciki zan kai ki."

Umma ba ta yi dariya ba. Ta lura da kwanon abincin da ke komawa kicin yadda ya fito.

"Ke wace irin amarya ce, an ba ki wanda kike so kina ramewa?"

"Aiki ne, Umma."

Ƙarar ma ta fara canjawa. Siririyar muryar ta yi kauri, akwai wani gurzawa a ƙarƙashinta, kamar ana jan buhun tsakuwa a kan siminti. Yaya ya ce ai motocin gudu haka suke, Ɗan Gayu ya gaya masa.

Ɗan Gayun kuwa da kansa ya zo kanti a tsakiyar mako. Turarensa ya riga shi shigowa. Ya jingina da kanta, ya nemi maganin ciwon kai, yana juya zobensa.

"Amarya, ina taya ki murna. Yaya na jin daɗin motar?"

Ta ajiye masa maganin ba ta ɗago ba.

"Ni tausayi kike ba ni," ya ce a hankali. "In kika yi magana, aure ya mutu. In kika yi shiru kuma... to, Allah ya tsare hanya. Mutum ya sa wadda yake so a irin wannan tsaka mai wuya? Da ni ne ba zan yi ba."

"Kai ka yanke wayar."

"Ni ɗan aike ne." Ya yi murmushi. "Ina nan dai, Auta. Ba na gaggawa."

Ya juya ya fita. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne duk mugun nufinsa, bai yi ƙarya ba.

Ana gobe ƙarshen mako Dogo ya kira. Kaya ba su iso ba, mai kawowa ya ce sai wani makon. Ta kashe wayar. Da yamma kuma suna cin abinci Yaya ya ajiye cokali.

"Gobe da safe za mu je wurin Kawu a gaya masa maganar auren nan, kada ya ji a bakin duniya. Ni da Umma da Gimbiya."

Garin Kawu a bayan duwatsu yake. Hanyar hawa ce da gangara, kwana bayan kwana, gefe ɗaya dutse gefe ɗaya rami.

"A wace motar?" Auta ta tambaya.

"Wace irin tambaya ce wannan? Ai irin hanyar da aka ƙera ta dominta ke nan!"

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta rufe ƙofa, ta kira Dogo.

"Gobe da safe za su bi hanyar duwatsu. Da Umma. Da Gimbiya."

Ta ji numfashinsa ya tsaya.

"Ki ɓoye makullin... ki sace iskar taya... Auta, ki yi wani abu, mako ɗaya kawai!"

"Na gama ɓoye-ɓoye. Ko ka zo ka faɗa da bakinka, ko in faɗa da nawa."

"Za ki kashe aurenmu, Auta."

"In dai sai wani abu ya mutu gobe, gara shi."

*

Da sassafe Yaya ya fita shan mai da wankin mota. Da ya dawo, tun daga ƙasan tudu ake jin yadda yake taka ta. Ya tsaya a harabar gida, wani ƙauri na tashi daga tayoyin gaba, irin na tukunyar da aka manta a kan wuta.

Umma ta fito da jakarta. Aka ɗaure Gimbiya a 'yar kujerar baya, tana wasa da ƙafafu, tana waƙar makaranta. Auta tana bakin get, idonta a kan titi. Ba Dogo, ba alamarsa.

Yaya ya tayar da mota.

"Auta, matsa mana."

Ba ta matsa ba. Ta tako ta dafa bonet da hannu biyu, zafinsa na cin tafinta.

"Yaya, kashe ta."

"Ke, lafiyarki?"

"Ba ta da birki! Faifan ya tsage, takalman ba nata ba ne, an yanke wayar fitilar don kada ka gani. Ka fito da Gimbiya, don girman Allah ka fito da ita!"

Injin ya mutu. Umma ta dafe ƙirji tana salati. Yaya ya fito a hankali, ya zagaya, ya kwance 'yarsa. Ya miƙa wa Umma ita. Sannan ya juyo.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun... tun washegarin da ka kawo ta."

"Kina kallona ina fita kullum."

"Yaya..."

"Kina ce min a hankali."

Da mari ya yi mata da ya fi mata sauƙi. Kallon da ya yi mata har ta mutu ba za ta manta da shi ba.

A daidai nan babur ya tsaya a bakin get. Dogo ya sauko, rigarsa jiƙe da gumi, idanunsa jajur kamar wanda bai runtsa ba. Ya dubi Auta, ya dubi Yaya, ya gane an riga shi.

"Gaskiya ta faɗa, Yaya. Ni na ce a yi. Ni kuma na roƙe ta ta yi shiru. Laifin duk nawa ne."

Yaya ya wurga masa makulli, ya bugi ƙirjinsa ya faɗi ƙasa.

"Fitar min da ita daga gida. Da kai da ita, kada in ƙara ganin ɗayanku."

"To, Yaya. Bari in kira janwe ya zo ya ja ta..."

"Janwe?" Yaya ya yi wata dariya marar daɗi. "Motar da ta isa ɗaukar uwata da 'yata, kai ba ta isa ɗaukarka ba?"

Dogo ya dubi makullin a ƙasa. Sai ya sunkuya ya ɗauki makullin.

"Kada ka shiga!" Auta ta riƙo hannun rigarsa. "Ta yi zafi, ba ka jin ƙauri? Kai ka ce in ta yi zafi... Dogo! Umma, ki hana shi!"

"Kai, ku bar wannan zancen, a kira mai jan," Umma ta ce. Amma maza biyu in kunya da fushi suka haɗa su, ba sa jin kira.

Ya zame hannunta a hankali.

"A hankali zan bi, Autata. Ki yafe min."

Jar motar ta fita, ta ɗau gangara. Auta ta bi ta da gudu har tsakiyar titi. Ta ga fitilun birki na baya sun kama jajur. Sun kama, ba su mutu ba, motar kuwa sai ƙara ƙanƙancewa take da sauri. Can ƙasa a mahaɗa mutane sun taru suna jiran bas.

Ta kasa kunne.

Ya Allah, ƙarar nan. Sau ɗaya kawai.

Ba ta zo ba.

Sai hon, dogo, ba yankewa. Ta ga mutane na watsewa, wata mata ta tsaya cak da yaro a hannu ta rasa inda za ta yi. Jar motar ta karkace gefe, ta bar titi, ta nufi katangar sito.

Ƙarar da ta biyo baya, har tsuntsayen unguwar sai da suka tashi.

Wani ya wuce Auta a guje, ba takalmi a ƙafarsa. Yaya ne.

*

Dogo bai mutu ba. Yaya ne ya fara isa, shi ya fasa gilashi, shi ya riƙe kansa yana kiran sunan Allah har aka zaro shi. Ƙafar dama ce ta tashi aiki, ƙafar da ya yi ta danna birkin da ita har ƙarfe ya naɗe a kanta. Likitoci suka haɗa ta da ƙusoshi, suka ce zai taka, amma gwiwar ba za ta ƙara lanƙwasuwa yadda take ba. A mahaɗa kuwa ko ƙwarzane ba wanda ya yi.

Kada a ɗauka daga nan komai ya gyaru. Yaya ya biya kuɗin asibiti, ya ce shi ya tura shi, amma maganar aure ko a fuska ba ya son ji. Auta kuma ya daina yi mata magana, in ta gaishe shi sai ya ɗaga kai kawai. Ba ta ga laifinsa ba. Ɗan Gayu ya zo gida da turarensa yana jajantawa, Umma da kanta ta tare shi a get ta ce ya koma inda ya fito. Labari ya bazu, filin motocin ya zama kufai, farashin da ke jikin gilasai ya zauna har ruwan sama ya wanke shi.

Ranar da Dogo ya fara iya zama, Auta ta je ta tsaya a gefen gadon.

"Ina sonka," ta ce. "Amma ban yafe maka ba tukuna. Ni ma ban yafe wa kaina ba."

"Na sani." Ya daɗe yana kallon silin. "Auta, tambayar da kika yi min a ofis ta hana ni barci. Ko baƙon ba shi da ƙanwa."

"Akwai wasu?"

Ya rufe ido. "Akwai. Miƙo min wayata."

Haka ya riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya daga kan gadon. "Ranka ya daɗe, ni ne wanda ya sayar maka da mota bara. Don Allah kada ka ƙara hawanta sai an duba birki. Fitilar an kashe ta ne. Ni na sa, ni zan gyara." Wani ya zage shi tas. Wani ya ce zai kai shi ƙara, Dogo ya ce ya amince. Wata mata ta ce da motar take kai yaranta makaranta, Dogo ya kifa wayar a ƙirji ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Kuɗin gidan da ya kama, da agogon, da duk abin da ya tara, can suka tafi.

Ba su san Yaya na tsaye a bakin ƙofa ba, da ledar lemo a hannu. Ya ji na farko, ya ji na ƙarshe. Bai shigo ba, ajiye ledar ya yi a kan benci ya tafi.

Sai da aka kwana biyu, wata safiya Auta na shirin fita aiki, ya tsayar da ita a baranda ya miƙo mata makullin tsohuwar ƙaramar motarsa.

"Ki koyi tuƙi."

Ta ɗago tana kallonsa. Maganar farko ke nan da ya yi mata tun ranar.

"Mijin naki ba zai ƙara taka birki ba," ya ce yana kallon gefe. "Dole wani ya taka muku."

Ta faɗa jikinsa tana kuka, shi kuma yana cewa ta sake shi za ta ɓata masa riga.

Aka ɗaura aure ba wani taro mai yawa. Ɗaki biyu suka kama a saman wani shago. Ranar da za su tare, Auta ce a bayan sitiyari, Dogo a kujerar mai zaman banza, an tura ta baya har ƙarshe saboda ƙafar, sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Ta fito daga get, ta ɗau gangara a hankali kamar mai ɗauke da ruwa a faranti. Suna kusantar mahaɗa ta ga ya riƙe gefen kujera, idonsa a kan katangar sito inda sabon siminti ya bambanta da tsoho.

Ta taka birki. Motar ta tsaya shiru.

Ya saki numfashi. Sai kuma ya zabura ya nuna allon gabanta da yatsa.

"Auta, fitila ta kama!"

Ta duba. Ta mai ce, 'yar ruwan ɗorawa.

"Mai ne kawai, Dogo. Zai kai mu gida."

"Na sani," ya ce. "Mu tsaya dai a sha."

Ta dube shi, dariya da hawaye suka zo mata tare. Ta sa sigina, ta karya kan motar ta shiga gidan mai.